Lokar Ndako Ta Tafi Neman Aure

Duk wanda ya zauna a Kpakungu a shekarun da Minna ke cika da sababbin ofisoshi, in ya ce bai san Ndako ba, to kurma ne. Masinja ne a wata ma'aikata, amma in ya buɗe baki sai ka rantse shi ke tashin gwamna daga barci. Sau ɗaya ya taɓa zuwa Ikko, wato Legas, rakiyar motar takardu, amma tun daga ranar ko tuwo aka tuƙa a gidan hayarsu sai ya leƙa ya ce ba haka ake yi a Ikko ba. Gashinsa baƙi wuluk, tafiyarsa da ɗan tsalle, kuma kowa ya san a 1950 aka haife shi, don shi da kansa yake sanarwa ko ba a tambaye shi ba.

To, baƙin gashin nan na kwalba ne. Tsallen kuma in ya shiga ɗaki da man zafi yake biyan kuɗinsa. Akwai wani tabarau mai kauri da yake ɓoyewa a ƙarƙashin katifa, wanda in ba shi ba ko sunansa ba ya iya karantawa. Duk wannan wahala kuwa saboda Murja ce, wata bazawara mai sayar da masa a Limawa. Mijinta na fari dattijo ne, ta sha jinyarsa har Allah ya karɓi abinsa, don haka ta rantse a gaban kaskonta cewa ta gama dama wa miji kunun marasa haƙori. Saurayi take so, ko mai dama-dama. Ndako kuwa son ta yake yi tsakani da Allah, irin son da ke hana babban mutum cin abinci. Uban Murja, Malam Tsado, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne da ba ya wasa da lokaci. Ya ce a kawo goro da kayan gaisuwa ranar Asabar tsakanin la'asar da magariba, in aka kira salla ba a zo ba, an rufe magana.

Ndako ya haɗa kaya na gani na faɗa: atamfofi, takalma, turare, da goron Labuje fari tas da aka yi masa odarsa tun daga ƙasar Nufe. Sai ya ce kaya irin wannan ba za su kwana a akwatin katako kamar na 'yan ƙauye ba. Ya je gwanjo ya sayo wata tsohuwar lokar ƙarfe, doguwa, ta fi shi tsawo, ya kuma samo wani kwaɗo da ba a taɓa ganin irinsa a unguwar ba. Ba shi da makulli. Wasu 'yan tayoyi huɗu ne a cikinsa masu lambobi, sai ka jera lambar da ka zaɓa sannan ya buɗe.

Ranar Alhamis da yamma ya saki labule, ya ɗora tabarau a hanci, ya zauna saita lamba. Ya zaro wuyan kwaɗon, ya murɗa shi gefe, ya danna ƙasa kamar yadda mai kantin ya nuna masa, sannan ya tsaya tunani. In ya sa 1950, ai ko akuyar gidan ta san wannan. Sai wata dabara ta faɗo masa, har ya yi wa kansa tafi. Akwai lambar da duk Minna ba wanda ya sani, shi kuma ba zai manta ba: ainihin shekarar da aka haife shi. Ya jera ta, ya saki wuyan, ya gwada, kwaɗo ya buɗe ƙas. Daɗi ya kama shi har ya manta da abin da ke hancinsa, ya ƙwala wa mutanen gida kira su zo su ga ikon Allah.

Sai da ya ji takun Hannah, matar maƙwabcinsa Irimiya, a bakin ƙofa sannan ya tuna. Ya fizge tabarau ya wurga shi cikin loka tsakanin atamfofi. Hannah ta shigo, ga Irimiya a bayanta. Shi Irimiya injin niƙa yake ja, ƙarar inji ta cinye masa rabin kunne, saboda haka duk abin da aka gaya masa sai ya maimaita shi da ƙarfin da za a ji a bakin titi.

"Ku matso ku ga abin da Turawa ke rufe banki da shi," in ji Ndako. Ya turo ƙofar loka garam, ya saƙala kwaɗo, ya danna. "Irimiya, juya tayoyin nan yadda ka ga dama. Hargitsa su!"

Irimiya ya sa babban yatsa ya hargitsa su son ransa.

Hannah ta riƙe haɓa. "To Saurayi, ina makullin?"

"Makullin yana nan," ya buga goshinsa.

"Wannan kan? Wanda ya manta kekensa a masallaci ya dawo gida a ƙasa? Kafin Asabar ka manta."

"Mutum yana manta shekarar da aka haife shi ne? Ita na sa!"

Maganar na fita ya so ya kamo ta, amma ta riga ta isa kunnen Irimiya, shi kuma ya miƙa wa unguwa: "SHEKARAN HAIHUWANSA YA SA!"

"Ashe aiki ya yi sauƙi," in ji Hannah, ta miƙa hannu. "Ɗaya, tara, biyar, sifiri. Kawo in buɗe."

Ndako ya yi tsalle ya tare loka da bayansa. Ya ce kwaɗon yana gane hannun mai shi, in baƙon hannu ya gwada, sai ya yi fushi ya ƙulle kansa har mako. Hannah ta ce ita ba ta taɓa jin ƙarfe mai zuciya ba, amma tun da na Ikko ne, ta bar masa kayansa.

Suna fita ya durƙusa gaban kwaɗo, sai ya ga lambobin sun zama wani hazo-hazo. Ya laluba ƙarƙashin katifa, sannan ya tuna tabaran na cikin loka. Ya ja da baya, lambobin suka ɗan fito, amma hannunsa bai kai ba. Ya matso, hannu ya kai, lambobi suka ɓace. Haka ya yi ta gaba da baya har gumi ya fara wanko rinin kansa.

Washegari da safe ya yi shawarar cewa ƙafa ta fi hannu tsawo. Ya kwanta rigingine a tsakar ɗaki, ya ɗaga ƙafa ɗaya sama yana murza taya da babban yatsa, ya ƙanƙance ido. A haka Hannah ta same shi da ta zo aron ashana.

"Yesu! Malam Ndako, farfaɗiya ce?"

"Motsa jiki ne. Haka samari ke yi a Ikko."

"To samarin Ikko su ma sai an tashe su?" Don kuwa ƙugunsa ya riƙe, sai da ta kira Irimiya suka ɗaga shi kamar buhun dawa.

Gaya wa Irimiya lambar a asirce bai taso ba, gara ya ba mai shela. Hannah kuwa kullum a gaban kaskon Murja take karyawa. Sai ya je wurin wata tsohuwa a bayan layi ya ari tabaranta, wai wani abokinsa ne ke so. Tabaran na ɗaure da zare, kaurinsa kamar gindin kwalba. Yana sawa ƙasa ta taso masa, bango ya ja baya, ya ga kwaɗo uku, ya kai hannu ga na tsakiya ya kama iska, goshinsa ya sauka a kan loka. Ya fito da ƙulu ya ce sauro ne.

Ranar Asabar da hantsi Kudu ya iso daga Bida. Kudu ƙanen Ndako ne uwa ɗaya uba ɗaya, manomi, gemunsa fari fat tun da shi bai san hanyar kantin rini ba. Da yake manyan da za su nema wa Ndako aure duk sun daɗe a ƙasa, sai ya roƙi Kudu ya zo a matsayin kawunsa. Kudu kaɗai ya san gaskiya, don haka Ndako ya ja shi ɗaki ya rufe ƙofa.

"Ka ga tayar farko? Nemo mai kama da taɓarya."

"Yaya, ni fa ban yi boko ba."

"Kawu za ka ji na ce maka, kai kuma ka ce Ndako! Ta biyu, nemo mai kama da ludayi."

Kudu ya kai ido har hancinsa na taɓa ƙarfe. "Duk ludaya ne a nan, wasu a kife wasu a tsaye."

Da azahar ta gabato, Ndako ya fito tsakar gida ya sanar cewa kwaɗo ya yi fushi, don jiya Hannah ta harare shi. Irimiya ya ɗauko guduma. Mutanen gida suka kewaye, kuma da yake Ndako ya cika musu kunne cewa ko bam ba ya fasa kwaɗon, duk sai suka koma goyon bayan kwaɗo. Duk dukan da Irimiya ya yi sai a sa shewa, "Na Ikko bai ji ba!" Ndako ya ce ba a iya riƙewa ba ne, ya riƙe da kansa, dukan gaba ya sauka a babban yatsansa. Aka kira mai walda, ya kunna wuta, ƙofar loka ta fara ja, sai ƙaurin atamfa ya taso. Ndako ya kurma ihu ya sheƙa bokitin ruwa, rabi a loka rabi a mai walda, wanda ya naɗe igiyarsa ya tafi yana zagi da harsuna uku.

"La'asar ta kusa fa," in ji Hannah. "Ko a aika wa Murja ta haƙura?"

Nan Ndako ya miƙe da dabararsa ta ƙarshe. Ya ce ai ma haka ya tsara tun farko. A Ikko da lokar ake kai kaya, dangin amarya su ga irin tsaron da 'yarsu za ta samu. A al'ada mai neman aure ba ya bin masu kai goro, amma tun da kwaɗon hannunsa kaɗai ya sani, dole a tafi da shi. Lissafinsa shi ne a ajiye loka, a ce kaya na ciki, a sa albarka, in ya so daga baya ya san yadda zai yi.

Aka samo amalanke, aka kwantar da loka, Kudu ya lulluɓe ta da farin mayafi don kada a ga tabon wuta. Irimiya na turawa, Kudu na gaba da farin gemu yana jan carbi, Ndako na gefe ido ya yi ja yana rungume da yatsa, Hannah na baya. Ba su yi nisa ba masu shaguna suka fara miƙewa suna salati. Wani mai keke ya sauka ya cire hula. Wani ya tambayi Irimiya wa aka rasa, shi kuma bai ji ba, ya amsa da ƙarfi, "GIDAN MALAM TSADO ZA MU KAI!" Kafin su shiga Limawa mutanen da ke bin su sun cika titi, labari kuma ya riga su isa, har mata sun fara kuka a cikin gida ba su san wa suke yi wa ba.

Malam Tsado na zaune a kujerarsa a ƙofar zaure, agogo a hannu. Ya dubi taron, ya dubi amalanke. Ndako ya zube ƙasa ya kwashi gaisuwa, gwiwoyinsa suka yi ƙara kowa ya ji.

"Baba, barka da yamma. Ga Kawu ya kawo kaya."

"A cikin makara?"

Aka yaye mayafi, aka tayar da loka tsaye. Masu salati suka ga ba gawa, amma ba wanda ya tafi. Kudu ya yi jawabin da aka koya masa, ya ce goro na ciki, atamfa na ciki, sai a sa albarka.

"Ni a tasha na yi aiki," in ji Malam Tsado. "Ba na sa hannu a kan kayan da ban gani ba. A buɗe."

Ndako ya matsa gaban kwaɗo yana murza tayoyi a makance, yana ƙanƙance ido. Malam Tsado ya zuba masa ido, sannan ya ciro nasa tabaran daga aljihu ya miƙa masa. "Ko za ka ara, ɗana?"

Ga ceto har hannu, Allah ya kawo. Amma Ndako ya hango inuwar zanen Murja a bayan ƙyauren zaure, sai bakin nan nasa ya riga hankalinsa. "Ni? Haba Baba! Idon nan daga Kpakungu nake karanta lambar jirgin sama. Tabarau ai sai ku manya."

"Madalla. To me ya hana?"

"Yatsan ne ya kumbura."

"SHEKARAN HAIHUWANSA NE LAMBAN!" in ji Irimiya, don ya taimaka.

Malam Tsado ya ce ashe abin bai kai a wahala ba. Ya sa tabarau, ya jawo kujera gaban loka. Ndako ya fara bayanin baƙon hannu da fushin kwaɗo, dattijon ya ce shi ya sha lallashin injin jirgi, ƙaramin kwaɗo ba zai gagare shi ba. Ya jera 1950, ya ja. Shiru.

"Af, na tuna," in ji Ndako. "An ce a ƙarshen shekara aka haife ni. Wataƙila wadda ta gabace ta ce."

Aka sa arba'in da tara. Shiru. Malam Tsado mutum ne mai bin abu tasha-tasha, don haka bai sake tambaya ba, ya murza taya ɗaya baya. Irimiya na leƙe ta kafaɗarsa yana shelar kowace lamba, taro na amsawa.

"ARBA'IN DA TAKWAS!"

"Bai buɗe ba!"

"ARBA'IN DA BAKWAI!"

Ndako ya ce a dakata, kwaɗon ya yi zafi, a bar shi ya huce zuwa gobe. Ba wanda ya kula shi. Da aka kai arba'in da biyar wani tsohon soja a cikin taron ya ce shekarar suka dawo daga yaƙin Bama. Da aka gangara arba'in Hannah ta ce, "Saurayi, a kawo maka kujera? Tsayuwa ba ta yi wa mai shekarunka kyau." Zufa ta kwararo daga ƙarƙashin hularsa, baƙa ƙirin, ta bi kunne ta sauka a wuyan farar riga.

A talatin da shida Malam Tsado ya tsaya. Ya cire tabarau ya goge, ya ce a hankali, "Wannan tawa ce." Ya ja. Kwaɗo bai motsa ba. Ya murza baya, ya sake murzawa, yanzu Irimiya ma ya rage murya.

Kudu ya kasa daurewa, tausayi ya kama shi. "Yaya, ka faɗa musu kawai, ka huta."

"Yaya?" in ji Hannah. "Kawun ne ke cewa Yaya?"

A daidai nan kwaɗo ya ce ƙas. Malam Tsado ya sunkuya ya karanta, bai bar wa Irimiya ba, da bakinsa ya faɗa: "Alif ɗari tara da talatin da ɗaya."

Ƙofar loka ta buɗe da kanta. Goro ya gangaro, rabinsa ya gasu, atamfar sama da tabon ƙuna, a kanta kuma ga tabarau a zaune. Dariyar da aka yi a Limawa ran nan har masu tsire na bakin titi suka bar wuta suka zo tambaya.

Malam Tsado kaɗai bai yi dariya ba. Mutum ne mai ladabin gargajiya, abin da ya dame shi daban ne. Ya tashi daga kujera, ya tattare riga, ya durƙusa a gaban Ndako.

"Yaya, ka yafe mini. Wata da watanni kana tsuguna mini, ashe alhaki nake ta kwasa."

"Baba, don Allah tashi!" Ndako ya zube shi ma.

"Wane ni in tashi, babba na ƙasa." Ya ƙara yin ƙasa. Ndako ya ƙara. Haka suka yi ta rige-rigen ƙasa har haɓarsu ta kusa taɓa turɓaya, ƙugun Ndako ya sake riƙewa, aka ɗauke shi cak aka ɗora a kujerar mai gida. Malam Tsado ya tattaro goron ya zuba masa a cinya, ya ce tun da shi ne babba a wurin, shi ya kamata ya raba wa jama'a, ya kuma yi wa yarinyar nan addu'a Allah ya kawo mata miji nagari. Kudu ya ɗauko tabarau ya maƙala masa, wai don ya ga hannun da yake ba.

Ana cikin haka ƙyaure ya motsa, Murja ta fito da kwanon sha. Ndako bai taɓa kallon ta yana sanye da tabarau ba. Duk zaman da ya yi a gaban kaskonta, inuwa mai daɗin murya kawai yake gani. Yanzu da ta matso sai ga wushirya, ga ɗan tsagen Nufawa a kumatu, ga ido farare tas. Ashe ta fi yadda yake zato kyau nesa ba kusa ba, kuma ganin haka ya fi gudumar Irimiya ciwo. Ya buɗe baki zai yi bayani, sai ta riga shi.

Murja ta durƙusa har ƙasa, ta sunkuyar da kai, ta miƙa masa kwanon da hannu biyu.

"Sannu da hanya, Baba. A sha a hankali, da sanyi."